Birki Tukuna

A kasuwar gwanjo ta Jidda na same shi,
jingine da bango kamar mai gudun bashi,
tanki a lotse, madubi guda ya tafi yawo.
Mai shi ya ce faɗuwa ɗaya ya taɓa yi.
Na duba gefen hagu, na ƙirga uku.
Na biya duk da haka.

Ukasha ne ya fara taɓa shi,
a garejinsa na bayan masu walda a Ɗa'ifa,
inda shayi ma ke ɗanɗanon giris.
Ya kasa kunne a jikin injin
kamar ungozoma a kan ciki,
ya ce, "Zuciyar lau take. Ƙafafun ne suka gaji."

Ni kuwa salansa nake so,
mai rurin nan da ke tayar da tattabarun unguwa,
a san cewa na wuce.
Ya ajiye sifana, ya goge hannu a tsumma:
"Birki tukuna, yaro.
Wanda ya iya tsayawa shi ke dawowa da labari."

Albashin Muharram ya tafi a birki.
Na Safar, tayoyi biyu masu ƙamshin sabunta.
Shokozoba ta yi sati uku a hanya,
ta iso da notin da ya ƙi shiga raminsa,
muka kwana muna lallashinsa da zarto.
Sarƙa kuma na yi wayo, na sayi jabu a ɓoye,
kwana goma ta saki jiki kamar tsohon carbi.
Ukasha bai ce komai ba.
Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Suwaiba ke tara rasit a gwangwanin biskit.
Takan ce, "Firjinmu na nishi tun bara,
shi ba ya da Ukasha ne?"
Amma ita ta zaɓi sirdin, mai taushi ta baya,
ita ta ce akwatin dama nata ne,
na rumman da ruwan wardi.

Kowace Juma'a kafin hantsi
nakan durƙusa da kananzir da tsohon buroshin haƙori,
in bi sarƙa gaɓa-gaɓa,
in auna iskar taya, in leƙa baƙin mai:
in kalar zuma ne, mu ci gaba,
in ya koma kwalli, a zubar.
Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Haɗejiya,
an ce duk dare sai ya ɗinke takalminsa kafin ya ci tuwo.

Ranar da muka gangaro Hada,
hazo ya sauko ya zauna a kan kwalta.
Kwana na bin kwana kamar hanjin rago,
gilashin gaba na tsaga sanyi,
hannun Suwaiba a ƙuguna.
Sai ga biranya tsakiyar titi,
ɗanta maƙale a ciki, ɓawon ayaba a hannu.

Yatsu biyu na sa.
Babur ya durƙusa, bai zame ba, bai yi gardama ba.
Tsakaninmu da ita bai kai kamu uku ba.
Ta dube ni, ta gama ayabarta,
ta haye dutse ba gaggawa.
Cikin hular kwano ina jin numfashina
da rumman guda da ke gangarawa cikin akwati.

Kuɗin salansa sun cika a watan Rajab.
Firji muka saya.

Yanzu idon Ukasha ya yi rauni,
da tafin hannu yake duba aiki.
Jiya ya shafa babur ɗin tun daga fitila har lamba,
ya ce, "Me ya rage na asali?"
Na ce, injin, da tsohuwar salansa,
da lotsawar nan ta tanki.
Ya daɗe da yatsa a cikinta.
Ya ce, "Wannan kar ka gyara."